Barandar da Ba Ta Kallon Teku

Greensboro, North Carolina

Zuwa ga 'yar uwata, abokiyar tagwaitakata, Hassana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Ma'azu da yara da duk mutanen gida a Tudun Wada. Allah ya ƙara wa Malam sauƙin ƙafar nan, ya raya mana zuri'a. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Maigidana Alhaji Badaru yana nan yana fama da aikinsa na sito a titin Wendover. 'Yarmu Anissa ta ci jarrabawa, Hausar tata dai sai a hankali, ki yi mata magana ta mayar miki da Turanci. Mama ma jiki da sauƙi, hawan jinin ya sauka. Zuciyarta ce ta bar ƙasar nan, kuma shi ya sa na zauna rubuta miki maimakon in kira, don na san in na ji muryarki kuka zan yi, ba zan gama faɗin abin da ke cina ba.

Mama ta ce gida za ta dawo, dawowa ta gaba ɗaya. Na san za ki yi murna, tunda kullum kika kira sai kin yi mata tallan Zariya. To, kafin ki yi guɗa, ki saurari yadda aka yi na rasa ta.

Kin tuna yadda ta zo mana bayan rasuwar Baba. Ba ta magana, ba ta ci. Gidanmu bene ne na haya, tagar falo tana kallon wurin ajiye motoci, mu kuma duk muna wurin aiki, sai ta wuni a kujera ɗaya da carbinta. Bara ne Alhaji ya ce mu kai ta yawon teku, irin manyan jiragen ruwan nan da ake kwana a ciki mako guda. Ni har na yi masa dariya, na ce matar da ba ta taɓa shiga kwalekwale ba. Ashe shi ya fi ni saninta. Ɗakin da muka samu yana da 'yar baranda mai kallon ruwa, ba komai a gabanki sai teku da sama. Kin san Mama ba ta yarda da agogon waya ba a kan salla, rana take dubawa, kamar yadda ta saba a tsakar gidanmu. A barandar nan ta ga ketowar alfijir da idonta, ta ga faɗuwar rana, abin da ba ta gani ba tun da ta sauka a ƙasar nan. In jirgi ya juya, ita take gaya mana inda gabas ta koma tun kafin Alhaji ya duba wayarsa.

Sannan jirgin yana da wata hanya a waje, shimfiɗar katako, wadda ta zagaye shi kaf. Da hantsi sai ta ɗauki sandarta ta yi ta zagayawa a hankali. A can baya ta gano wani lungu mai inuwa da benci, babu kiɗa, babu kowa sai wata tsohuwar Baturiya mai saƙa. Ba sa jin yaren juna, amma kullum tare suke zama, har Mama ta ba ta goro, matar ta ɗanɗana ta yamutsa fuska. Hassana, a ranar na ji dariyar Mama, ta farko tun bayan Baba. Da muka dawo, da bakinta ta ce ashe ƙasar nan tana da wurin da mutum zai numfasa, za ta zauna da mu. Na kwana ina godiya ga Allah.

Sai bana ƙaninmu Zubair ya ce shi zai shirya tafiyar, kada a ce kullum mijin 'ya ne ke hidimar uwarsu. Na ce masa to, amma don Allah jirgin bara. Ya ce wancan ya tsufa, akwai ɗan uwansa sabo, kamfani ɗaya, fenti ɗaya, zubi ɗaya, sai dai ya fi girma, kuma yaransa na son wurin wasan ruwa. Na ce ya tabbata ɗakin Mama yana da baranda. Ya ce haba Yaya, ai har ya gani a rubuce. Kin san Zubair, tun da ya sayi gida a unguwar Sedgefield, nan garin, kusa da filin wasan golf, in kin yi masa tambaya biyu sai ya ɗauka raina shi kika yi. Sai na ƙyale shi.

Daga waje kam, wallahi ba ki raba su. Mama na ganinsa a tasha ta ce ga jirginta nan. Muna shiga ɗaki ta ajiye butarta, ko mayafi ba ta cire ba ta nufi labule ta ja. Baranda tana nan. Amma ba teku take kallo ba, cikin jirgin take kallo! Ashe sun huda tsakiyar wannan sabon, sun yi wani fili mai shaguna da wuraren shan giya, suka jera ɗakuna a kewaye suna fuskantar juna. Abin da Mama ta gani shi ne wani ƙato ba riga a barandar da ke gabanmu yana ɗaga mata kofi, ƙasa kuma mata da kayan wanka da kiɗa kamar gidan biki. Ta ce a'uzu billahi, ta saki labulen. Har muka sauka bai ƙara buɗuwa ba. Alhaji ya je neman canji, aka ce jirgi ya cika maƙil.

Na ce mata kada ta damu, mu je hanyarta ta zagaye. Babu ita. Mun yi 'yar tafiya kaɗan sai ga bango, sun mayar da wurin gidan cin abinci. Lungun nan na baya mai benci kuwa, a wannan jirgin dandalin wasa ne da lasifika. In kina son ganin sama sai kin hau can ƙololuwa, wurin wanka, kuma lifta, na'urar da ke hawa da mutane sama, kullum cike, tsohuwa mai sanda sai ta gaji da tsayuwa. Ko abinci za ki ci, a jirgin bara daga lifta sai ɗakin cin abinci. A nan sai kin ratsa ta tsakiyar gidan caca, injuna na ƙara, hayaƙin taba na shiga mayafi. Sau ɗaya Mama ta bi, ta ce ba za ta ƙara ba. Ni nake kai mata abinci ɗaki kamar marar lafiya.

Abin da ya karya ta shi ne salla. Ɗaki a rufe, fitilun filin nan ba a kashe su, dare da rana duk ɗaya ne. Wata safiya ta farka ta yi alwala ta tayar da asuba, tana sallamewa Anissa ta shigo da kayan karin kumallo tana cewa rana ta daɗe da fitowa. Mama ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a kan darduma hawaye na zuba, ta ce tun da ta mallaki hankalinta rana ba ta taɓa riga ta ba. Na ce ai barci ne, Allah ya san zuciyarta. Ta ce ta sani, amma ita ba za ta ƙarasa kwananta a inda ba ta ganin gari ya waye ba.

Da Zubair ya zo yana cewa ai jirgi duk jirgi ne, wannan ma ya fi kyau, ta dube shi ta ce ita ta haifi tagwaye masu fuska ɗaya, kuma ko a duhu ba ta taɓa ɗaukar Hassana a madadin Huseina ba. Har yau bai ce a yi haƙuri ba. Cewa yake tsufa ne, ni kuma ina zuga ta. Ni! Ni da na yi shekara ina lallaɓa ta kamar ƙwai. Raina ya ɓaci da shi ƙwarai, kuma ba zan ɓoye miki ba, ko gaisuwarsa ba na son amsawa.

A mota, da muka dawo, muna shigowa gari ta titin Gate City Boulevard, ta yi ta kallon shaguna da wuraren sayar da motoci, sai ta ce min bara ta ɗauka jirgin farko shi ne Amurka, yanzu ta gane na biyun ne: ƙato, ga abinci, ga haske, amma duk inda ka juya bango ne. Na roƙe ta, Alhaji ya yi alkawarin jirgin bara a hutu mai zuwa. Ta ce mako guda ne a shekara, sauran kuma tagar motoci. Gaskiya ta faɗa.

Za ta taho bayan ƙaramar salla, in Allah ya yarda. Zan turo miki sunayen magungunanta. Kada a sa mata gishiri da yawa, kuma kada ki yarda ta ce ta warke ta daina sha. Ki gyara mata ɗakin Baba, wanda tagarsa ke kallon gabas, kuma a sare reshen darbejiyar nan da ya tare ta. Kada ki rataya mata labule.

Ki gaishe min da Malam Ma'azu, da Goggo Abibata, da 'yarki Houda da ƙannenta. Alhaji Badaru da Anissa suna gaishe ku. Anissa ta tambaye ni jiya wa zai riƙa tashinta da asuba in kaka ta tafi, na ce mata waya. Ke kin samu uwa, Hassana. Ki riƙe ta da kyau, ki riƙa gaya min in gari ya waye mata lafiya.

Taki har kullum,
Huseina