Ƙanshin Randar Kaka

Zuwa ga Gwaggo Falmata,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina gajiya, ina zaman Abijan? Yaya ƙafar taki, yaya Baba Alhaji da yara? Mu nan Birni sai godiya.

Gwaggo, matan kartiyenmu, wato unguwarmu, sun shirya gasa: a gyara ɗaki irin na da, amma wanda mutumin yau zai iya zama ciki. Na shiga da ɗakin Kaka. Na maido jeren tasoshinta, na saya wa firigon sanyaya ruwa labulen saƙi, tele kuwa na kewaye ta da faya-fayi. Wayoyin kuran, wato wutar lantarki, su ne suka ɓata mini tsari, sai na yi dabarar 'yan kasuwa, na cusa su cikin randarta na rufe.

Cikin masu dubawa har da Hajiya Yagana, ƙawar Kaka. Tana shigowa ta ɗauki moɗa ta buɗe randa. Ta daɗe tana leƙe, sannan ta ce, "'Yar nan, kuran kuke ba baƙo yanzu?" Ta ce da can har daga Zango ake zuwa shan ruwan randar nan don ƙanshinsa, in ban maido shi kafin ƙarshen wata ba, za ta cire sunana.

To, da me Kaka take turara ta? Na gwada kajiji, Hajiya ta shinshina ta girgiza kai, ta ƙi faɗa. Ke kika riƙa hura wa Kaka garwashi, ke za ki sani. Don Allah ki bugo mini. Gasar ma yanzu ba ta dame ni kamar in sha ruwan nan in ji ba.

Ki sa ni addu'a, ki gaida kowa.

'Yarki,
Hadiza