Gurbin da Abu Ziyad Ya Bari Fayau

Irbid, 3 ga Maris

Zuwa ga Yayana Rafik,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da matarka Umm Anas da yara, da aikin tashar jiragen ruwa.

Jiya na fita takaba. Na buɗe wasiƙu uku da suka zo daga ofishin haraji tun ina zaune. Da na ga sunan marigayi mijina Abu Ziyad a bayansu sai na kasa yagewa, na ajiye su tare da tabaronsa. Ka san karatuna bai wuce aji shida ba. Abin da na gane, wai ana binsa haraji har da tara, in ba a biya ba za a ɗauke injin niƙa ridi. Yaya, da injin nan nake ci da ɗana Ziyad. Shagon bai cika shekara biyu ba, wace riba muka ci? Ga takardun, kai ne mai lissafin gidanmu.

Ƙanwarka, Nawal

Akaba, 11 ga Maris

Umm Ziyad,

Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara haƙuri.

Na duba. A takardar harajin da mijinki ya cike bara, ya rubuta dinari dubu goma sha biyu a gurbin abin da sana'a ta kawo. Kuɗin nan daga banki suka fito, rancen masu fara sana'a ne. Ba a biyan haraji a kan rance, tun da mayarwa za a yi. Kuɗin ruwan da yake biya ma, da ya sa su cikin ɗawainiyar shago da an rage masa. Wannan gurbin ya bar shi fayau. Kin san da rancen?

Kwana talatin suka bayar a kai ƙorafi, sun wuce kina takaba. Duk da haka ki karɓo takardar yarjejeniya a banki, ki gwada.

Yayanki, Rafik

Irbid, 24 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Wallahi ban sani ba. Ce mini ya yi wani abokinsa na soja ya ba shi jari.

Na je wajen Abu Nidal, tsohon nan mai tebur a bakin ofishin haraji, wanda ke cike wa mutane takardu. Ya tuna Abu Ziyad. Ya ce har tsokanarsa ya yi, wai shekara talatin yana nan bai taɓa ganin wanda ya zo roƙon a ƙara masa haraji ba. Shi kuwa ya amsa masa: “Ni ke jan salla in liman ba ya nan. Ba za a ga kalmar ruwa a saman sa hannuna ba. Rubuta ciniki.”

Yanzu na gane me ya sa duk farkon wata, lokacin biyan banki, yake dawowa ya ture faranti, ya ce ciki ne. Ni kuma ina ta dafa masa na'ana'a.

Banki sun ba ni takardar. Na kai wa ma'aikacin haraji na bayan gilashi, ya karanta, ya ce gaskiya ce, amma lokaci ya shige. Na ce masa, “Ɗana, ai a lokacin ina takaba ne.” Ya juya takardarsu gaba da baya, ya ce babu inda ake rubuta wannan.

A gaida Umm Anas.

Nawal

Irbid, 2 ga Mayu

Yaya,

Salama. Ran Talata suka zo suka ɗauke injin, mutum huɗu, ba su yi mini rashin kunya ba. Ramukan ƙusa huɗu suka rage a siminti, shagon har yau yana ƙamshin ridi. Na aiko maka da kwalba ɗaya ta niƙan ƙarshe.

Ziyad ya tambaye ni dalili. Na ce babansa kuskuren lissafi ya yi. In ka zo salla, kai ma haka za ka ce.

Allah ya sada mu da alheri.

Nawal