Ɗanka Na Tafe Bakin Iyaka

Daga ƙaninka Isa a Doka, Kaduna, zuwa ga Yaya Mamman.

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kana lafiya, kai da Yaya Hajo da yara. Yaya ciwon ƙafar nan, yaya sanyin Kamaru? Mu nan sai godiya.

Bayan haka, dole in jinjina wa Turawan barikin nan wajen iya ɓoye asiri. Sun shirya kai soja bakin iyakarku ba tare da kowa ya sani ba, sai masu sayar da gari da teloli da sauran 'yan kasuwa. Ni a wurin mai kilishi na ji, tun kafin a gaya wa ɗanka Sani, shi da ke cikin sojan da za a kai.

Wai da yaƙin da mutanen Kamaru ke yi da junansu ya gagari Faransa, sai ta roƙi Ingila ta toshe mata hanyoyin daji. Manya suka sha shayi suka daidaita. Jiya Sani ya zo, ko tuwo ya kasa ci. Ya ce, "Baffa, an ce duk wanda ya ɓullo ta daji da kaya a ka, kada mu tsaya tambaya." Ni kuwa na san ta nan kake bi da goronka, don ba ka shiri da kwastan.

Don Allah, Yaya, ka bi titi ko ka zauna a gida. Ka sa mu a addu'a, ka gaishe da mutanen zango.

Bature dai ya gama zana taswirarsa. To, a cikinta akwai inda aka nuna wa yaro yadda zai gane ubansa daga nesa?