Inda Motar Samaru Ke Lodi

Litinin, 7 ga Yuli, 2025

Ruwa tun asuba. Kafin in ɗora shayi na buɗe guruf ɗin tashar Samaru a waya, kamar kullum. Shugaban 'yan kamasho ba ya rubutu, saƙon murya yake turowa: yau a nan za a yi lodi, gobe ba za a bi ta can ba, babu mai, direbobi sun yi fushi. Ni nake saurara, sannan in juya wa Gregory da hannu. Ƙanena ne, sanƙarau ya tafi da jinsa tun yana ƙarami. Maganar hannun tamu ta gida ce, mu biyu muka ƙirƙire ta. Mama har ta rasu rabinta kawai ta iya.

Yau babu canji. Muka shiga bas, shi a bakin taga. A Sabon Gari ya nufi shagon ɗinkinsa, na wuce kantin littattafan coci. Da yamma mu haɗu wurin lodi mu dawo tare. Haka muke tun ban fara furfura ba.

A hanya gilashi ya yi raɓa. Sai na ga kamar ba mu ke tafiya ba, unguwar Hanwa ce ke wucewa a hankali da rumfunanta, kamar gari a ƙarƙashin ruwa.

Laraba, 9 ga Yuli

Henry ya zo kanti, wai sayen littafin waƙoƙi. Yana da irinsa a gida, ni na sayar masa. Idan aka rufe makaranta ƙarshen watan nan zai bar koyarwa a Bomo, ya koma gidan mahaifinsa a Zonkwa. Tun Kirsimeti ya nemi aurena. Yau ya ce, "Clara, ban zo in matsa miki ba. Mai motar kaya ne ke tambaya, kayan mutum ɗaya ne ko na mutum biyu."

Na ce, "To wa zai riƙa saurara wa Gregory?"

Ya ce mu tafi da shi. Gregory kuwa ba zai bar shagonsa ba. Na taɓa tambayarsa, ya ɗaure fuska ya ci gaba da taka keken ɗinki.

Alhamis, 10 ga Yuli

Ko hujja nake kafawa da Gregory? Ban sani ba.

Lahadi, 13 ga Yuli

Jikina ba daɗi tun a coci. Da na dawo na kishingiɗa, na yi mafarkin bas ba direba tana ratsa gonakin masara, ganye na shafar taga. Fasinjoji duk suna kallona, wai ni zan faɗi inda za a tsaya. Na buɗe baki, babu murya. Abin mamaki ban ji tsoro ba, wani sauƙi ma na ji.

Talata, 15 ga Yuli

Bari in rubuta abin da ya faru a tsare.

Zazzaɓi ya kwantar da ni. Da safe na saurari saƙo, babu canji, na gaya wa Gregory, ya tafi shi kaɗai. Na sha magani na yi barci. Ban farka ba sai bayan la'asar. Ashe tun da rana shugaba ya turo wani saƙon: kwalbati ta rufta kusa da wurin lodi, motocin Samaru sun koma bayan layin dogo. Na tura wa Gregory a rubuce, wayarsa a kashe, kamar kullum idan babu wuta.

Na ga shi a raina yana tsaye a wurin da babu mota, mutane suna ta ihu suna wuce shi. Na ɗaura zane na fita da silifas ɗin banɗaki, na hau mota zuwa Sabon Gari.

Bayan layin dogo babu mota ko ɗaya, sai kududdufi da agwagi. Wani mai shayi ya ce, "Ai sun tashi, Madam, ruwa ya kore su." Na ce zuwa ina? Ya ce shi ma bai sani ba. Na sake duba waya, babu sabon saƙo. Na je shagon Gregory, a kulle. Na je tsohon wurin lodi, fayau. Yayyafi ya fara. Na tsaya a tsakiyar filin, kaina na juyawa, shagunan suna matsowa suna komawa kamar masu numfashi. Na manta ma abin da na zo nema.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Gregory ne, da lema. Yana zaune a ƙarƙashin wata rumfa tun ɗazu. Da hannu ya ce, na san za ki zo. Ya taɓa goshina, ya girgiza kai. Na fara yi masa bayanin kwalbati da layin dogo, ya sauke mini hannuwa a hankali. Ya nuna can saman rufin shaguna. Wani siririn farin hayaƙi, yayyafi na danne shi yana tashi.

Muka bi hayaƙin. Lungu, kwana, wani lungun. Sai ga motocin Samaru a jere, kwandastoci na ta kira, ga Mama Oluoma mai gasa masara tana fifita wutarta a gefen ta farko. Shekara da shekaru ina wuce matar nan, ban taɓa tambayar kaina me ya sa kullum take bakin motarmu ba.

Ta ce, "Anti, ke ce a cikin ruwa haka? Ƙanenki tela kuwa tun rana ya taya ni ɗauko gawayi, har sau biyu."

Na ce wa ya gaya mata an sake tashi?

"Mu ake fara gaya wa. In babu masara wa zai zauna a mota ya jira ta cika? Shugabanku sai ya ci ya ƙoshi yake tuna waya."

Ta miƙo mini ɗaya mai zafi, ta ce in riƙe ko don ɗumin hannu. A mota ni aka sa a bakin taga. Na yi barci a kafaɗar Gregory har Samaru.

Alhamis, 17 ga Yuli

Na ji sauƙi. Na zaunar da Gregory na yi masa tambayoyi, don ban son abu rabi da rabi. Tun yaushe yake bin hayaƙin? Ya wurga hannu bayan kafaɗa, wato tun tuni. A nan Samaru fa? Hayaƙin mai ƙosai. Idan rani ya yi babu masara? Tana gasa doya da ayaba. Idan ba ta da lafiya? Ya dube ni kamar ni ce ƙaramar, ya nuna idanunsa biyu, ya nuna ƙafafunsa.

Na ce to me ya sa kake barina in yi ta yi maka bayani kowace safiya? Ya kumbura kumatu, ya turo ciki, ya ɗaga yatsa, daidai yadda nake kwaikwayon shugaba. Wai abin yana ba shi dariya. Sannan ya ƙara wata alama, wadda muke yi wa abin da mutum ke riƙewa don kada ya faɗi. Ya nuna ni, wato ni ce mai buƙatar abin riƙon.

Na tashi na hau wankin kwanukan da na riga na wanke.

Asabar, 19 ga Yuli

Haushinsa nake ji ko haushin kaina? Na tsaya a ƙofa da yamma ina kallon hayaƙin gidajen mutane. Kowanne da inda ya nufa.

Laraba, 23 ga Yuli

Yau Gregory ya riga ni fita. Ban kira shi ba, wato ban buga ƙafa a ƙasa ba yadda nake yi don ya juyo. Na leƙa ta taga har ya sha kwana. Tafiyarsa ta fi sauri idan babu ni, ban taɓa lura ba.

Na nemi izini a kanti, na hau acaɓa zuwa Bomo. Ba wani dalili, gonaki sun yi kore ne, na so in gani. Na tarar da Henry a ƙofar aji yana ɗaure littattafai da igiya. Ban ce masa komai a kan maganarmu ba, kuma ba abin da na yanke.

Na dai tambaye shi ko gidan na Zonkwa akwai rijiya.