Rashin Goggon Malamai, Wadda Muka Yi wa Ƙyashi Tana Raye

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Mahalicci, Ƙungiyar Masu Horas da Sababbin Malamai, a madadin Mai Girma Shugabanta, da Kwamitin Zartarwa, da Majalisar Dattawa, da ɗaukacin mambobinta, tana sanar da jama'a samun labarin rasuwar uwa, kaka, kuma abokiyar aikinmu, tsohuwar shugabar makaranta kuma Babbar Jami'ar Renon Sababbin Malamai ta wannan ƙungiya, wadda babba da yaro ba su san ta da wani suna ba sai Goggon Malamai. Ta amsa kiran Ubangijinta da hantsin ranar Talata a ɗakinta, bayan jinyar mako uku, tana da shekara sittin da takwas. Ta bar maigidanta, da 'ya'ya huɗu, da jikoki tara.

Marigayiyar ta shafe shekara arba'in da ɗaya tana riƙe da alli, ashirin daga ciki a makarantar da ke bayan tashar mota, inda 'ya'yan direbobi da na 'yan kasuwa da na leburori da na waɗanda rikici ya koro daga garuruwansu suke gwamutsuwa a benci guda. A aji ɗaya sai ka tarar da yara tamanin masu harsuna bakwai, ga wanda kunnensa ba ya ji sosai, ga wadda sai tana shekara goma sha uku ta fara riƙe fensir. A nan ta gina tsarin da daga baya ƙungiyarmu ta ɗauka. Sabon malami ba ya taɓa allo a makonsa na farko, sai ya iya kiran sunan kowane yaro kamar yadda uwarsa take kiransa, ya kuma iya gaisuwa da kowane harshe da ke cikin ajin. Ranar da zai fara koyarwa kuwa, sai ta naɗe zaninta ta zauna a bencin ƙarshe tare da yara, gwiwoyinta suna dukan tebur. Ba ta taɓa gyara wa malami kuskure a gaban ɗalibansa ba. Sai an tashi take jansa zuwa ɗan ɗakin da ake tara karyayyun kujeru, ta fara da abu uku da ya yi daidai kafin ta ambaci guda ɗaya da ya ɓata. Malamai fiye da ɗari shida ne suka ratsa ta wannan ɗakin.

Al'adar irin wannan takarda ita ce a tsaya a nan a yi addu'a. Amma mai sa hannu a ƙarshenta ba zai iya tsayawa ba, domin gaskiyar da ba a faɗa wa mai rai ba, iyalansa suna da haƙƙin su ji ta. Mu manyan wannan ƙungiya mun yi wa marigayiyar ƙyashi, kuma ni ne na fi kowa.

Rana ɗaya aka ɗauke mu aiki ni da ita. Na fi ta takardun ilimi, na halarci tarukan da ko ƙofarsu ba ta leƙa ba, na kuma rubuta littafin jagoran sababbin malamai mai shafi ɗari biyu. Duk da haka, kowace shekara idan aka manna takarda domin sababbi su zaɓi mai renonsu, tata takan cika har a juya bayanta, tawa kuwa suna uku, biyu daga ciki ma 'ya'yan abokaina ne. Na taɓa shiga ɗakin malamai na ga littafin nan nawa an tokare ƙafar tebur da shi. Na yi dariya tare da masu dariya, amma kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Idan na ji matasan malamai suna "Goggo ta ce, Goggo ta ce" a baranda, sai in ji kamar an ɗora mini dutse a ƙirji.

Shekara goma sha biyu da suka wuce, na kai ƙorafi gaban Kwamitin Zartarwa cewa tsarinta ba shi da tushe a ilimi, kuma ba ta da shaidar ƙwarewa a fannin horaswa. Aka kaɗa ƙuri'a, aka cire ta daga kan aikin, aka mayar da ita ofishin ajiyar fayiloli, aka ba ni kujerarta. Ta miƙa mini makulli da hannu biyu, ta ce, "Allah ya taya ka riƙo, Malam Dogo."

A shekarar nan, cikin sababbin malamai goma sha tara, goma sha ɗaya suka ajiye aiki kafin zango na uku. Wata matashiyar malamar lissafi ta zo mini tana kuka, ta ce ajinta ya rabu biyu, 'ya'yan 'yan gari a gefe, 'ya'yan baƙi a gefe, har an fasa wa wata yarinya leɓe a kan benci. Na ce ta je ta karanta shafi na arba'in na littafina. Ta fita daga ofishina ta zarce ofishin fayiloli. Bayan kwana goma na leƙa ajin ta taga, na ga yaran an zaunar da su bibbiyu, kowa yana koya wa ɗan'uwansa ƙirga ɗaya zuwa goma da harshen gidansu, ana ta ƙyalƙyala dariya. Allah ya sani, ba murna na yi ba. Na je na sami Goggo cikin ƙurar takardu, na ce tana yi mini zagon ƙasa. Ta ɗago ta dube ni ba tare da fushi ba, ta ce, "Malam, littafinka fa yana da kyau. Matsalar kawai, yaran ba su karanta shi ba. Ka zo mu zauna a bayan aji tare, ko sau ɗaya ne." Ban je ba.

Da shekara ta zagayo, Kwamiti ya mayar da ita kan aikinta a cikin shiru, muka rubuta a takardar zama cewa an sake fasalin ayyuka ne. Babu wanda ya ba ta haƙuri. Ita ma ba ta taɓa ɗago maganar ba, har ta ci gaba da turo mini malamai idan batun tsara jarrabawa ne, tana ce musu nan ne na fi ta. Wannan ma ya ƙona mini rai, domin na so a ce ta ƙullace ni, ko na samu abin kamawa.

Ranar da aka kai ta makwancinta, layin gidansu ya toshe tun daga bakin titi. Shugabannin makarantu, da malamai, da tsofaffin ɗalibai suka yi dafifi, kowa yana kuka da harshensa. Ina tsaye a jikin katanga, sai na kama kaina ina lissafin mutum nawa za su zo ranar tawa. Haka wannan ciwo yake, ko a bakin kabari ba ya jin kunya. Masu iya magana sun ce hassada ga mai rabo taki ce. Ita ta yi yabanya, mu muka tsufa da ƙaiƙayi.

Ga maigidanta, da 'ya'yanta, da jikokinta, da ɗaukacin danginta, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta, tana roƙon Allah ya jiƙanta da rahama, ya haskaka kabarinta, ya sa abin da ta shuka a zukatan yara ya zame mata ladan da ba ya yankewa, ku kuma ya ba ku haƙuri da juriyar wannan babban rashi. Muna kuma roƙonku, a madadinta, ku yafe mana shekarar da muka ƙwace mata.

Na kai wa Mai Girma Shugaba wannan takarda ina tsammanin zai soke rabinta. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau, ya ce kada a taɓa ko kalma ɗaya, sai dai a ƙara abu guda: ƙuri'ar nan ta cire Goggo bakwai da biyu aka yi, kuma shi ne ya fara ɗaga hannu.

Sa hannu:
Malam Dogo,
Sakataren Yaɗa Labarai,
Ƙungiyar Masu Horas da Sababbin Malamai.