Burtuntuna da Filawon Antoine

Garoua, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Mahfuzu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da iyali a Douala. Allah Ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan kalau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da 'yan haya.

Dalilin wannan takarda shi ne gonar Kawu Ɗanmalam ta hanyar Poli. Bana burtuntuna ta cinye masa dawa, ka kama zangarniya sai baƙin gari ya cika maka hannu. Kawu ya zauna ya yi nazari, ya ɗora laifin kan itatuwan filawo, dogayen nan masu ganye kamar gashin doki da maƙwabcinsa Antoine ya shuka a iyaka. Hujjarsa ita ce 'ya'yan filawo baƙaƙe ne, burtuntuna ma baƙa ce, don haka dangi ne. Ya ƙara da cewa itacen da ke yin fito in iska ta kaɗa ba shi da tarbiyya. Ya wasa gatari, ya daina gaisawa da mutumin da suka shekara talatin suna raba goro.

Ganin abin zai ɓaci, Antoine ya kira malamar gona, Madam Béatrice. Ta ce filawo itace ne, a fili yake tsaye yana tare wa gona iska, ita kuwa burtuntuna cuta ce da ke maƙale a jikin iri tun kafin shuka. Sai ta tambayi Kawu inda ya samo irinsa. Kawu ya gyara hula, ya ce ɗansa na Douala ne ya aiko masa da buhu guda, wai iri na zamani. Yaya, kai ke nan.

Ba a nan maganar ta tsaya ba. Ashe Kawu don alfahari ya ɗiba wa Antoine kwano biyu, gonarsa ma ta yi baƙi ƙirin, bawan Allah ya ɓoye zancen don kunya. Yanzu sun shirya, kullum suna zaune a inuwar filawon suna zancenka. Ba zan rubuta abin da suke faɗa ba.

Ka gaida Anti Aisatu da Taufiƙ da Nasiha. Inna na gaisuwa. Kawu ma ya ce a gaishe ka, kuma baɗi in ka tashi alheri, sabulu ya wadatar.

Taka ƙanwa,
Nafisatu