Numfashin Kakana Ba Abin Gasa Ba Ne

Nevena Barisic,
Layin Gidajen Rami,
Wirra Bore.
9 ga Mayu, 2023.

Zuwa ga Uwargida Coralie Pendlebury,
Shugabar Kwamitin Bukukuwa,
Majalisar Garin Wirra Bore.

Ranki ya daɗe,

Game da: "Daren Dariya" na 27 ga Mayu

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ɗaliba ce, jikar Dattijo Stipe Barisic, tsohon mai haƙar ofal, dutsen ado mai daraja. Ban taɓa rubuta wa hukuma ba, a gafarce ni idan na kauce ƙa'ida.

1. A watan Agustan 2021 masu fim ɗin dodon duniyar Mars suka zo ɗauka a ramukanmu. Da suka ji yadda ƙirjin kakana ke kuka, suka kafa masa makirufo, wai ya yi numfashi kawai. Shi ne muryar dodon. Ba kwaikwayo ya yi ba, ƙurar rami ce ta cinye masa huhu.

2. Da fim ya fito, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Na karanta duka a laburare, don ina rubuta labarina na farko, na zaci zan koyi wani abu. Wani ya ce dodon yana shaƙewa kamar famfon da ruwa ya ƙare masa. Wata ta ce asibiti ya kamata a kai shi, ba a harbe shi ba. Ban ce fim ɗin ya yi kyau ba. Bai yi ba.

3. Sanarwar nuna fim ɗin a Daren Dariya da kwamitinku ya manna a gidan waya ranar 2 ga Mayu ta kwafo maganar famfon da manyan baƙaƙe, ta ƙara da gasar kwaikwayon numfashin, wanda ya ci a ba shi tiren nama. Tuni 'yan ajinmu ke bi na suna huci, suna kira na Jikar Famfo. Wannan zan iya haɗiyewa.

4. Kakana ba ya karanta Turanci. Hoton fim ɗin da ke jikin sanarwar kawai ya gani, ya ɗauka karrama shi za a yi.

Don haka nake roƙon ki, cikin ladabi, a soke gasar, a cire sanarwar. A nuna fim ɗin, a yi wa dodon roba dariya yadda ake so. Idan kuwa ba zai yiwu ba, a taimaka a sanar da ni kafin ranar, don in san ƙaryar da zan yi masa. Ya riga ya sa na goge masa farar rigarsa, ya ce mu fita da wuri mu sami sahun gaba.

Ki huta lafiya.

Taki mai biyayya,
Nevena Barisic